Yadda Saƙo Ya Ke Ƙetare Ƙullin Jijiya

Ayyukan da jikin mutum ya ke yi iri biyu ne. Akwai waɗanda ka ke sa shi da nufinka, kamar ɗaga fartanya, da hawan keke, da buɗe wannan littafi. Akwai kuma waɗanda ya ke yi ba da shawararka ba. Zuciyarka tana bugawa ko kana barci, gumi yana tsattsafowa in rana ta yi zafi, hanji yana tura abinci, duk ba wanda ya tambaye ka.

In mutum yana tafiya cikin gona da dare, ya ji hucin maciji kusa da ƙafarsa, kafin ya yi wani tunani gabansa ya faɗi. Zuciya ta shiga bugawa da sauri, tsigar jikinsa ta tashi, bakinsa ya bushe, tafin hannunsa ya jiƙe. To, ina aka ba da wannan umurni, ta wace hanya kuma ya bi har ya isa zuciya da fata da baki a lokaci guda? Masana sun yi fiye da shekara 100 suna bin sawun wannan saƙo, babban abin da ya taimake su kuwa shi ne wutar lantarki.

JIJIYA IRI UKU

Mu Hausawa abu uku mu ke kira jijiya. Akwai jijiyar jini, wadda ta ke kamar bututu, jini na gudu a cikinta. Akwai jijiya mai tauri wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi, irin agara. Ta uku ita ce jijiyar saƙo, fara ce mai taushi, kamar zaren da aka murɗa. Ita ce za mu yi magana a kanta, duk inda ka ga mun ce jijiya kawai, ita mu ke nufi.

Jijiyoyin saƙo daga ƙwaƙwalwa su ke fitowa, da kuma laka, watau farin abin nan da mahauci ya ke samu cikin ramin ƙashin baya. In ka duba jijiya guda da madubin likita, sai ka ga ashe dami ce ta zaruruwa dubbai, ko wane ya fi gashin kai siranta nesa. Ko wane zare kuwa wutsiya ce ta wata 'yar ƙwaya mai rai, wadda a ke kira ƙwayar jijiya. Jikin ƙwayar yana zaune wuri guda, wutsiyarta ta miƙa har inda a ke so saƙo ya je.

SARƘA BIYU A GEFEN ƘASHIN BAYA

Saƙon da ya ke motsa hannunka, zare guda ne ya ke ɗauke da shi tun daga laka har tsoka, ba ya yada zango ko ina. Amma saƙon da ya ke zuwa zuciya da jijiyoyin jini da wurin gumi, sai ya sauka a hanya, ya sake abin hawa.

A dama da hagun ƙashin baya, ta ciki, akwai jijiya doguwa ɗaya ɗaya, tun daga gindin ƙoƙon kai har ƙarshen ƙashin baya. Ko wace ɗaya tana da ƙulle-ƙulle kamar igiyar da aka ƙuƙƙulla, wajen ƙulli 22 ko 23 a ko wane gefe. Likitoci suna kiran irin wannan ƙulli gangiliyon. Wanda ya fi girma cikin na wuya shi ne na can bisa, ƙarƙashin kunne, tsawonsa wajen inci ɗaya. Akwai waɗansu ƙulle-ƙullen kuma cikin ciki, kusa da babbar jijiyar jini, su ke lura da tumbi da hanji da ƙoda.

Sunan wannan ƙungiyar jijiyoyi simfatetik. Likitocin da ne suka laƙaba mata sunan, domin sun zaci ita ta ke sa gaɓoɓin jiki su taya juna jin abin da ya sami ɗayansu. Mu dai za mu ce da ita jijiyoyin shiri, gama babban aikinta shi ne shirya jiki domin gudu, ko faɗa, ko aiki mai nauyi, da kuma tsare ƙarfin gudun jini kullum.

Cikin ko wane ƙulli akwai ƙwayoyin jijiya cunkus, a babban ƙullin wuya ma sun kai dubu ɗaruruwa. Zaruruwa suna fitowa daga laka, daga daidai ƙirji zuwa saman ƙugu, su shiga ƙullin su ƙare a jikin ƙwayoyin nan. Daga ƙwayoyin kuma waɗansu zaruruwa dabam su ke fita, su tafi gaɓoɓi. Saboda haka hanya ta kasu biyu, akwai zaren shiga, akwai zaren fita. Ƙullin shi ne zango.

JIJIYA DA WUTAR LANTARKI

A shekarar 1791 wani likita na birnin Bolonya a ƙasar Italiya, sunansa Luigi Galvani, ya buga labarin abin da ya gani. In ya taɓa jijiyar ƙafar mataccen kwaɗo da wutar lantarki, sai ƙafar ta harba kamar mai rai. Tun daga nan masana suka sami hanyar aika wa jijiya saƙo da kansu. Sai su ɗora ta bisa 'yan wayoyi biyu, su ba ta wuta 'yar kaɗan, su tsaya su ga wace gaɓa za ta amsa.

A 1850 wani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya auna saurin saƙon cikin jijiyar kwaɗo, ya sami wajen yadi 30 cikin sakan guda. Wannan ya ba mutane mamaki, domin wutar da ke bin waya ta fi haka sauri nesa ba kusa ba. Aka gane saƙon jijiya wani abu ne da jijiyar kanta ta ke yi, wutar da aka sa mata tsokana ce kurum.

Sai a 1952 Turawan Ingila biyu, Alan Hodgkin da Andrew Huxley, suka bayyana yadda abin ya ke. Zaren jijiya yana jiƙe cikin ruwan gishiri, ciki da waje. A waje sinadarin sodiyum ya fi yawa, shi ne wanda ke cikin gishirin miya. A ciki kuwa fotasiyum ya fi yawa, irin wanda ke cikin toka. Fatar zaren tana da 'yan ƙofofi a rufe. In an tsokane ta, ƙofofin wurin su buɗe, sodiyum ya kwarara ciki, wannan kwarara ta buɗe ƙofofin da ke gaba, su kuma su buɗe na gabansu. Bayan haka fotasiyum ya fita, wurin ya koma yadda ya ke. Kamar wutar daji ce da ke cin ciyawa tana gaba, sai dai ita wannan ciyawa tana sake tsirowa nan take. Ƙarfin wutar wajen kashi ɗaya cikin 15 ne na batirin tocila guda.

Ka riƙe abu guda. Saƙon da ke cikin zare ɗaya ba ya da babba da ƙarami, ko ya tashi duka, ko ya ƙi tashi sam. In jiki yana so ya tsananta umurni, sai ya riƙa aiko saƙo a kai a kai, kamar makaɗi da ya ƙara saurin kiɗa.

KUNNEN ZOMO

Wajen 1851 wani masani na Faransa, Claude Bernard, ya yanke jijiyar shiri a wuyan zomo, gefe ɗaya. Ba a jima ba kunnen wannan gefe ya yi ja, ya yi ɗumi, jijiyoyin jininsa suka buɗe. A 1852 wani kuma, Brown-Séquard, ya sa wutar lantarki a guntun jijiyar da ya nufi kai. Nan da nan jijiyoyin jinin suka tsuke, kunnen ya koɗe, ya yi sanyi.

Daga wannan aka koyi cewa ko da mutum yana hutawa, jijiyoyin shiri ba su daina aika saƙo jefi jefi, suna riƙe da jijiyoyin jini kamar yadda mahayi ya ke riƙe da linzami. In sun ja, bututun ya tsuke, in sun saki, ya buɗe. Amma har yanzu ba wanda ya san abin da ke faruwa cikin ƙullin. Waɗansu sun zaci zaren wucewa ya ke yi kai tsaye, kamar hanyar da ta ratsa ƙauye.

TABA TA TARE HANYA

Wanda ya warware wannan shi ne John Langley na makarantar Kambirij a Ingila, shi da abokin aikinsa Dickinson, a shekarar 1889. Sun yi aiki da nikotin, watau dafin da ke cikin ganyen taba.

Suka ba dabba maganin barci, suka buɗe wuyanta, suka sa wa zaren shiga wuta. Sai baƙin ramin nan na tsakiyar ido, inda haske ke shiga, ya buɗe, jijiyoyin jinin kunne suka tsuke. Sa'an nan suka shafa ruwan nikotin a jikin ƙullin. Da fari ido ya buɗe da kansa, ba wuta, jim kaɗan ya koma. Suka sake sa wa zaren shiga wuta, shiru, ba abin da ya motsa. Da suka matsar da wayoyin gaba, suka sa wa zaren fita, ido ya buɗe kamar da. Suka kuma shafa nikotin a jikin jijiyar kanta, ba a kan ƙullin ba, saƙo ya wuce abinsa.

Ka duba hujjar. Zaren shiga lafiyarsa lau, zaren fita lafiyarsa lau, nikotin kuwa ba ya hana saƙo bin zare. Ashe dai cikin ƙullin akwai wata mahaɗa, inda zare ɗaya ya ƙare, wani ya fara, a nan ne dafin ya tare hanya. Da wannan dabara Langley ya bi ƙulle-ƙullen jiki ɗaya ɗaya, yana shafawa yana gwadawa, har ya gane inda saƙon ko wace gaɓa ya ke yada zango. A 1897 Charles Sherrington ya sa wa irin wannan mahaɗa suna, ya ce da ita sinafs.

MAI FITO

Ɗauki misalin ɗan saƙon sarki da ya sukwano doki, ya iso bakin gulbi da damina. Doki ba zai ƙetare ba. Sai ya ba mai fito takarda, mai fito ya ƙetare da ita, ya miƙa wa wani mahayi da ke jira a wancan ƙetare. Haka mahaɗar nan ta ke, domin tsakanin ƙarshen zaren shiga da jikin ƙwayar akwai 'yar tazara. Siririya ce ƙwarai, in ka tsaga gashin kai sau 1,000, ko wace tsaga ta fi ta faɗi. Duk da haka wutar zaren ba ta tsallake ta. To, wane ne mai fito?

Masana suka rabu biyu, waɗansu suka ce wutar ce ke tsallakawa, waɗansu suka ce wani sinadari ne. A 1921 Otto Loewi, a birnin Giraz na ƙasar Ostiriya, ya ɗauki zuciyar kwaɗo biyu, ko wace tana bugawa cikin ruwan gishiri. Ya sa wuta a jijiyar da ke rage saurin ta farko, ta lafa. Ya ɗebi ruwanta ya zuba wa ta biyu, ita ma ta lafa, alhali ba wanda ya taɓa jijiyarta. Watau jijiyar ta zubar da wani abu cikin ruwan. Daga baya aka gane sunan abin asetilkolin.

Sauran a gwada a ƙullin kansa. Wahalar ita ce, jiki yana da wani sinadari, kolinestares, wanda ke farfasa asetilkolin da zarar ya fito, kafin a kai ga kama shi. Maganin wannan wahala daga ƙasar Nijeriya ya fito. A wajen Kalaba akwai wani wake mai dafi, mutanen wurin suna ce da shi esere, a zamanin da su kan ba wanda a ke tuhuma da maita ya ci. Daga cikinsa aka tace wani magani, aka sa masa suna eserin, shi kuwa aikinsa ɗaure hannun kolinestares.

A 1934 Wilhelm Feldberg, wanda aka kora daga aikinsa a Jamus a 1933 domin shi Bayahude ne, da John Gaddum, suka yi gwajin a Landan. Suka sa kyanwa barci, suka riƙa ɗura ruwan gishiri mai eserin ta jijiyar jinin da ke ciyad da babban ƙullin wuya, suna tare ruwan da ke fitowa. Kyanwa tana da wata fata ta uku a kusurwar ido, irin wadda ka ke gani tana giftawa a idon kaza. Jijiyoyin shiri ke janye ta, saboda haka ita ce shaidar isowar saƙo. Ruwan da suka tara kuma su kan gwada shi a kan tsokar matsattsaku, wadda ta ke takurewa ko da asetilkolin kaɗan ne ƙwarai ya taɓa ta.

Sa'ad da ba a sa wuta ba, tsokar matsattsaku ba ta kula da ruwan. Sa'ad da aka sa wa zaren shiga wuta, fatar idon ta janye, ruwan da ya fito a lokacin kuma ya takure tsokar. Da suka ɗura asetilkolin cikin ƙullin, ba wuta, fatar idon ta janye. Mai fito ya bayyana. A 1936 aka ba Loewi da Henry Dale, shugaban ɗakin binciken da aka yi wannan aiki, kyautar Nobel. John Eccles, wanda ya fi kowa dagewa a kan cewa wuta ce ke tsallakawa, ya sauko daga ra'ayinsa a 1951, bayan gwajin da ya yi da hannunsa.

ABIN DA KE FARUWA A BAKIN GULBI

Ga yadda ƙetarewar ta ke, daki daki. A ƙarshen zaren shiga akwai 'yan jakunkuna cike da asetilkolin, ba a gan su ba sai wajen 1954, da aka sami madubi mai aiki da lantarki. In saƙo ya iso, waɗansu ƙofofi su buɗe, sinadarin kalsiyum ya shiga, irin wanda ke cikin ƙashi da ɓawon ƙwai. Shi ke sa jakunkunan su manne da fatar zaren, su fashe, su zubar da abin da ke cikinsu. Tun a 1940 Harvey da MacIntosh suka nuna in an cire kalsiyum daga ruwan da ke ratsa ƙullin, ko an sa wuta asetilkolin ba ya fita, saƙo kuma ba ya wucewa.

Asetilkolin ya ƙetare tazarar, ya sami ƙofofi a jikin ƙwayar waɗanda shi ne mabuɗinsu. Ya buɗe su, sodiyum ya shiga. In abin da ya shiga ya isa, sabon saƙo ya tashi, ya bi zaren fita. Sa'an nan kolinestares ya farfasa asetilkolin, wanda ya saura ya watse, zaren shiga ya tsince guntayen ya sake haɗa sabo. Duk wannan cikin 'yan kashi kaɗan ne daga kashi 1,000 na sakan.

Yanzu ka ga dalilin abin da Langley ya gani. Nikotin mabuɗin ɓarawo ne, ya dace da ƙofofin nan. Da fari ya buɗe su, shi ya sa ido ya buɗe ba wuta. Amma kolinestares ba ya iya farfasa shi, sai ya zauna daram, har ƙofofin su daina amsawa, saƙon gaskiya ya zo ya rasa wurin shiga.

ME YA SA A KE YADA ZANGO

Mai karatu zai ce, ina amfanin wannan sauka, tun da jinkiri ta ke kawowa? Gwaje-gwajen wuta sun nuna amfani da dama.

Na farko, yaɗa umurni. Zaren shiga guda ya kan yi rassa, ya taɓa ƙwayoyi da yawa, wani lokaci a ƙulli biyu ko uku. Kamar yadda sarki ya ke gaya wa hakimi ɗaya, hakimi ya gaya wa dagatai, dagatai su gaya wa masu unguwa. Shi ya sa tsoro ya ke kama jiki duka a lokaci guda.

Na biyu, tantancewa. Ko wace ƙwaya tana karɓar zaruruwa da dama. Cikinsu akwai ɗaya ko biyu masu ƙarfi, waɗanda maganarsu kaɗai ta isa ta tashe ta. Sauran raunana ne, sai sun taru sun iso tare tukuna ƙwayar ta amsa.

Na uku, hanyar ɗaya ce. In ka sa wa zaren fita wuta, saƙo ya koma baya har jikin ƙwayar, amma ba ya ƙetarewa zuwa zaren shiga, gama jakunkunan a gefe ɗaya su ke.

Na huɗu, ƙullin yana da ɗan tuni. A 1947 Larrabee da Bronk a Amurka suka sa wa zaren shiga wuta a kai a kai da sauri, na ɗan lokaci, sa'an nan suka tsaya. Da suka aika saƙo guda bayan haka, ƙwayoyin da suka amsa sun fi na da yawa, haka kuwa abin ya zauna har 'yan mintoci. An kuma gane asetilkolin yana da waɗansu ƙofofi na biyu masu aiki sannu sannu, waɗanda ke barin ƙwayar cikin shiri na sakan da yawa.

Ko saurin zaruruwan biyu ba ɗaya ba ne. Zaren shiga yana da riga ta kitse, yana gudu daga yadi 3 zuwa wajen 15 cikin sakan. Zaren fita ba shi da riga, yadi ɗaya ko biyu ya ke yi, daidai da tafiyar mutum a ƙasa. Jijiyoyin da ke motsa tsokar hannu da ƙafa kuwa, mafi saurinsu su kan kai wajen yadi 100.

ƘARSHEN TAFIYA

In zaren fita ya isa zuciya ko jijiyar jini, akwai wata tazarar kuma, da wani mai fito dabam. Ulf von Euler na ƙasar Suwidin ya gano shi a 1946, sunansa noradrenalin. Shi ke ƙara saurin zuciya da ƙarfinta, ya tsuke jijiyoyin jinin fata da na hanji, ya buɗe ramin ido, ya ta da gashin jiki. Wuraren gumi kuwa, yawancinsu asetilkolin ne ke kai musu saƙo har ƙarshe.

Bisa kan ko wace ƙoda akwai wata 'yar tsoka kamar hula. Tsakiyarta danginsu ɗaya da ƙulle-ƙullen nan, zaren shiga yana zuwa mata kai tsaye. Ita ba ta da zaren fita, sai ta zuba sinadarinta, adrenalin, cikin jini, jini ya kai shi ko ina. Wannan yana cikin dalilan da su ke sa gaban mutum ya daɗe yana dukan uku uku bayan maciji ya riga ya wuce.

AMFANIN SANIN WANNAN

Duk lokacin da ka miƙe tsaye daga kwance, jini wajen rabin lita ko fiye ya kan gangara ƙafafu da ciki. Nan take saƙo ya bi ta ƙulle-ƙullen nan, jijiyoyin jini su tsuke, zuciya ta ƙara sauri, ƙwaƙwalwa ta sami rabonta. A 1948 da 1949 William Paton da Eleanor Zaimis a Landan suka gwada wani magani, heksametoniyum, mai toshe ƙofofin ƙullin. Yana cikin magungunan farko da suka iya sauko da hawan jini mai tsanani, ya ceci rayuka. Amma da ya ke zangon duka ya ke rufewa, mai shansa ya kan ga jiri ko ya suma in ya miƙe, bakinsa ya bushe, cikinsa ya ɗaure. Saboda haka aka bar shi, da aka sami waɗanda suka fi shi. Ciwon sukari da ya daɗe ba a kula da shi ba ya kan lalata jijiyoyin nan. In mai wannan ciwo ya fara ganin jiri duk sa'ad da ya tashi, ya riƙa zama bakin gado tukuna kafin ya miƙe, ya kuma gaya wa likita.

In fatar idon mutum ta sama ta ɗan sauko a gefe ɗaya, ramin idon ya ƙanƙance, wannan gefen fuska kuma ya daina gumi, alama ce hanyar jijiyar shiri ta wuya ta yanke a wani wuri. Wani likitan ido na ƙasar Suwizalan, Horner, ya bayyana wannan a 1869. Wani lokaci ƙari ne a saman huhu ya ke danne ta, saboda haka ba abin da za a zauna da shi a gida ba ne.

Taba da a ke sha ko a ke sa wa a baki, nikotin ɗinta bai kai ya toshe ƙofofin ba, buɗe su ya ke yi. Shi ya sa zuciya ke ƙara sauri, jini ya hau. Masu yankan ganyen taba da raɓa ko bayan ruwa, nikotin ya kan shiga ta fatarsu, su yi jiri da amai. Gara a bari ganye ya bushe, a kuma rufe hannu da jiki.

Dafin kunama yana buɗe ƙofofin sodiyum na jijiyoyi ya hana su rufewa da wuri, saƙo ya yi ta tashi ba wanda ya aiko shi. Babban mutum yawanci zafi kawai ya ke sha. Yaro ƙarami kuwa, in bayan harbi ya shiga gumi, da dalalar da miyau, da amai, da numfashi sama sama, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Mafi haɗari ga manomi shi ne maganin ƙwari. Da yawa cikin magungunan feshi na gona aikinsu ɗaya da waken Kalaba, watau ɗaure kolinestares. In sun shiga jikin mutum, ta baki ko ta numfashi ko ta fata, asetilkolin ya taru ba mai share shi, a ƙulle-ƙulle da tsoka da ƙwaƙwalwa duka. Alamunsa su ne miyau da gumi da hawaye masu yawa, ramin ido ya tsuke kamar tsinin allura, amai da zawo, tsoka ta riƙa rawa, huhu ya cika da ruwa. Abin da ke kisa shi ne tsayawar numfashi.

In za ka yi feshi, ka rufe hanci da baki da hannu, ka ba iska baya, kada ka ci goro ko abinci sai ka wanke hannu da sabulu. Kada ka zuba maganin cikin kwalbar da a ke shan abu da ita, kada ka ajiye shi inda yaro zai kai. In ya kama wani, a cire masa tufafin da suka jiƙe, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a kwantar da shi ta gefe. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a tilasta masa amai, domin abin yana iya sarƙe shi ya faɗa huhu. A ɗauki kwalbar maganin a tafi da ita asibiti tare da shi. Likita yana da allurar atrofin da ke tare yawancin wannan ɓarna, in an kai mutum da wuri ya kan tashi.